Allon Kwamfutar Yayana

Shekarar da sojoji suka shirya zaɓe, kwamfutar da yayana yake buga wa mutane takardu da ita a Agiye ta ƙone. Na je Maradi na samo wani allon cikinta, amma ƙarami ne, ko rabin akwatin kwamfutar bai cika ba. Lokacin ciwo ya ci ƙarfin Yaya, sai ya zauna a tabarma yana nuna mini yadda zan haɗa shi.

"Ƙanena, rabu da filin da ya rage," in ji shi. "Dubi ramukan ƙusoshi, za su yi daidai."

Suka kuwa yi, kwamfuta ta tashi. Ya ce in ya warke zai gwada ta. Kafin damina ta faɗi muka binne shi.