Babban Yatsan Brodersen

A ɗakin jira na wani asibiti a birnin Lübeck ga wani ƙato zaune, kafaɗa kamar ƙofar gareji, amma da ɗan yatsa yake tokare fatar idonsa don ya karanta takardar amincewa da tiyata. Yana saki, sai ta rufto. Da a mashaya ka gan shi sai ka ce ya yi tatil, alhali ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Brodersen na ji nas ta kira shi. Hannuwan nan, na rantse, na mai jan igiyar jirgin ruwa ne.

Ciwon nan mai tsotse ƙarfin tsoka ne ya kama shi. Gobe za a shiga ƙirjinsa a ciro wata 'yar kaluluwa da ake zargi da hura wutar. Ƙarfi zai dawo? Likita ya ce wataƙila, bayan shekara.

Matarsa ta dunƙule hannu, babban yatsa a ciki, yadda mu mutanen ƙasar nan muke yi wa mutum fatan sa'a.

"Kai ma matse naka mana, ƙaton banza."

"Wiebke, da ina iya matse abu, me zai kawo ni nan?"

Ya dai gwada. Yatsun suka lanƙwashe, suka yi rawa, suka buɗe. Ta kama hannun, ta tura masa babban yatsan ciki, ta rufe da hannayenta biyu. An sake kiran sunansa, har yanzu ba ta saki ba.