Raƙumin Yumɓu

Jiya malamar ajin rainon yara ta tare ni bakin ƙofa ta ce, "Baban Hauwa, ɗiyarka har yau ba ta ce uffan ba." Tun da 'yan bindiga suka koro mu daga Gangara zuwa Sabon Birni bakin Hauwa ya mutu. Nan take gwaggon babana ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk yaron da ya yi nauyin baki a unguwarmu wurinta ake kai shi. Ni ma an kai ni. Ta zaunar da mu inuwar rumbu, ta kwaɓa yumɓu, kowa ya gina abin da ya ga dama. Har yau ina jin sanyinsa a tafin hannuna, da ƙamshin daddawa a zanenta. Na gina raƙumi, ta ɗaga ta jujjuya.

"Kai, wanga jaki ya yi kyau!"

Haushi ya turnuƙe ni. "Raƙumi ne!"

"Ashe akwai baki," in ji ta, tana dariya. Da gangan take ɓata sunan, don yaro ya gyara mata.

Yau na kwaɓa wa Hauwa laka, ta gina saniya. Na ce, "Wagga akuya ta yi kyau." Ta dube ni, ta cusa saniyar cikin riga, kar a kore ta kamar yadda 'yan bindiga suka kore shanunmu.

Gwaggo, iya abin da na koya wurinki ke nan. Allah ya haskaka kabarinki da ba mu iya zuwa, ya kwance bakin yarinyar ga.