Ranar da na kori Baba Idi daga tsibirin tsuntsaye

Aikin farko: kafa allo a tsibiri.

Haka na rubuta a littafina wata rana a shekarun saba'in, lokacin kafilina, ubangidan da ya tsaya min a kan takardun zama, yana kai Turawa yawon buɗe ido wani ɗan tsibiri a gaban Jidda. Allon ya ce an hana taɓa ƙwan tsuntsaye.

Na tarar da Baba Idi, wani tsohon masunci daga unguwar Mahjar, yana saka ƙwai a kwanon ruwa. Wanda ya nutse ya ɗauka, wanda ya taso ya mayar gurbinsa, don akwai ɗa a ciki.

Na ce, "Baba, shi ke nan, an hana. Yanzu ana kare wurin nan."

Ya ce, "Daga wa, ɗana?"

"Daga ku, ina jin."

"To madalla. Allah ya ba tsuntsaye haƙurin zama da masu kare su."

Ya tura kwale-kwalensa ya tafi hannu rabbana.

Da hantsi baƙi suka iso. Kafili ya ce, "Yalla, tafa tsuntsaye su tashi a ɗauki hoto." Na tafa har sau tara, na ƙirga. Iyaye suna ta shawagi a sama, ƙwai suna dahuwa a rana. Baƙi kuwa sun yaba ƙwarai da yadda muke kula da wurin.

Har yau ban tabbata ba ko kafili zai taɓa iƙamata, takardar zamana a ƙasar, da na ƙi tafawa. Ku da kun ƙi?

A ƙasan shafin na rubuta na gobe:
- binne ƙwan da suka lalace
- kai wa Baba Idi ƙwan kaji
- neman abin da zan ce masa