Awa Goma Sha Biyun Zodwa

Shekara tara Zodwa Mkhabela ta yi tana amsa waya a ofishin wani kamfanin inshora a Johannesburg. Allah Ya ba ta sanyin baki: mutum ya kira yana kumfar baki, ya ajiye waya yana sa mata albarka. Gidansu kuwa yana can Orange Farm, sai an shiga mota biyu, kuma kowa ya san motar haya ba ta tashi sai ta cika, ko da gobara ake yi a gidanka.

Daga ita sai mahaifinta, tsohon tela, wanda mantuwa ta fara yi wa ɓarna. Yau ya manta inda ya ajiye almakashi, gobe ya manta sunan unguwa. Zodwa kaɗai ta rage masa a ka, ita ma don yana ganinta kullum da yamma, tana tuƙa masa tuwon masara.

Sai aka rage ma'aikata, aka ɗora wa saura aiki daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Ta fita yana barci, ta dawo yana barci. Maƙwabciyarsu Mama Thoko ke ba shi abinci.

Wata abokiyar aikinta ta raɗa mata cewa doka ta ba ma'aikaci hutun awa goma sha biyu tsakanin tashi daga aiki da komawa. Zodwa ta ƙirga da yatsu: tana shiga gida tara da rabi, tana fita huɗu da rabi. Awa bakwai! Har da ɗan tsallenta, baiwar Allah, wai ta kama su dumu-dumu. Ta garzaya wurin Mzwandile, wakilin ƙungiyar ƙwadago.

"Yaya, sun cinye min awa biyar!"

"Su wa? Ƙanwata, daga lokacin da kika dangwala yatsa a na'urar ƙofar ofis doka ke fara ƙirga. Bakwai zuwa bakwai, ko minti ɗaya ba su taɓa ba."

"To layin tasha fa? Shi ma hutu ne?"

"A takarda, hutu ne. Ki gyara zama a motar, ki more," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ba wanda za ta kai ƙara, tunda ba wanda ya karya komai. Ta koma kujerarta, ta ɗauki waya da muryar nan mai sanyi.

Ranar Asabar ta dafa shayi ta kai wa tsohon a bakin ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa mata a benci cikin ladabi.

"Zauna, 'yar nan. Wurin Zodwa kika zo? Ai tana wurin aiki. Ki ɗan jira, ni ma ita nake jira."