Layi Ɗaya a Katin Njidda

Lois, wadda duk Kachalla Sembe ke kira Maman Miriam, shekara goma sha ɗaya ta yi tana ajiye kati a wani asibitin kuɗi da ke unguwarmu. Gajeriya ce, ga biro kullum a soke cikin kallabi. Ka faɗi sunan mai gidanku kawai, ko lamba ba ta tambaya, sai ta miƙa hannu cikin kantar katuna ta zaro katinku. Ni Furera maƙwabciyarta ce, busasshen kifi nake sayarwa a Kasuwar Jalingo.

Likitan da take wa aiki kuwa, ba zan kama sunansa ba, kada in ɓata bakina. Mutumin nan ba ya taɓa gaya maka sunan magani. Ƙwayoyi a ambulan, an ja zane biyu ko uku, shi ke nan. Wai kada ka sani ka tafi kemis. Duk abin da ke jikinka yana cikin katin, katin kuma yana hannunsa.

Mijina Njidda ya taɓa sumewa a can bayan an yi masa wata allura. Da ya farfaɗo muka ce wace allura ce? Likita ya ce, "An rubuta." To, mu me muka sani?

Da aka ba mu jiha, sababbin likitoci suka shigo gari. A casa'in da uku Njidda ya ce mu koma wurin wani a Yelwa, kusa da shagonsa. Na je karɓar katinmu. Lois har ta zaro shi, sai ga Likita ya leƙo.

"Kati na asibiti ne," in ji shi. "Tunda kun samu wanda ya fi ni, ya rubuta muku nasa."

Na roƙe shi, wallahi har da durƙusawa. Ya ce wa Lois in katin nan ya ƙetare ƙofa, ita ma ta bi shi. Ta mayar cikin kanta, ba ta dube ni ba.

Wata biyu bayan haka ciwon ƙirji ya kama Njidda. Sabon likitan ya tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Ya ce akwai wata allura, amma bai san sunanta ba. Mutumin ya aika wa tsohon likitan takardar neman bayani, shiru. Zazzaɓi ya yi tsanani, ya yi masa allura. Ina tsaye mijina ya kumbura, numfashi ya gagara. Kafin la'asar an rufe shi.

Na yi wa tsohon likitan Allah ya isa a bainar jama'a, kuma har yau ban janye ba.

Ranar bakwai Lois ta shigo gaisuwa, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Adda, mutumin nan da kati yake ɗaure mutane. Ni zan kwance su."

Kai, ashe matar nan shiru-shirun banza ne! Ta riƙa sayen littafin rubutu irin na 'yan firamare. Da zarar Likita ya tafi cin abincin rana, sai ta zaro kati ta kwafe: ciwon mutum, sunan maganinsa, abin da jikinsa ya ƙi. Gida ɗaya, littafi ɗaya. Na Kirista ta kai musu coci ranar Lahadi. Na Musulmi ta kawo mini kasuwa, ni kuma in cusa ƙarƙashin kifi a kwandon mai shi, in ce, "Ga tarihinku, ku je inda kuka ga dama." Ina jin daɗin faɗin maganar nan, ba zan ɓoye ba.

Aka fara zamewa, gida bayan gida. Sai da ta kusa gama kantar kafin wata tsohuwa ta je da littafinta tana yi wa Likita gardama a kan magani. Ranar ya kori Lois. Ta fito da biro a kallabi, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta koma soya ƙosai, da shi ta ƙarasa renon 'ya'yanta.

Shi kuwa bencinsa ya koma wurin kwanciyar awaki. In na wuce na gan shi zaune a baranda, takanas nake tsayawa in ce, "Likita, ya katunan? Suna samun sauƙi?"

Bayan korar da mako guda Lois ta kawo mini littafi na ƙarshe, na gidanmu. Ta ce shi ta fara kwafewa, ta kasa kawowa. Na ce ta karanta mini. Ba ta ma buɗe ba.

"Layi ɗaya ne, Adda, da jan biro a bangon katin. Kada a yi masa allurar fenisilin. Ni na rubuta da hannuna. Ranar da kika durƙusa, layin yana gabana ina kallo. Da baki ma zan iya gaya miki ta katanga. Tsoron aiki ya hana ni."

Na daɗe ina kallonta. Shekara guda cur ban amsa gaisuwarta ba, ita kuma ba ta fasa gaishe ni ba ko rana ɗaya. Littafin yana cikin akwatina. Na sa 'ya'yana duka sun haddace sunan allurar.