Dutsen Niƙan Inna da Birkin Malama Ngozi

A gidanmu na Kwaciri, da an idar da magariba muke kewaye murhun kakarmu Inna, tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Ba ta da haƙuri da mai katse ta. In ka yi surutu, muciya za ta nuna maka, ka kama bakinka.

"Ga wata nan tafe, ku matso," in ji ta. Wai wata mata ce ta sayi sabon dutsen niƙa ranar da za ta yi baƙi. Maƙwabciyarta ta ce ta fara niƙa dusa a kai sau bakwai, har dutsen da ɗansa su saba da juna. Matar ta ce ina ta ga lokaci, ta zuba dawa kawai. Tuwo ya fito fari tas, amma kowace loma da tsakuwa. Baƙin suka cinye don kara, suna godiya, babbansu ya tafi da karyayyen haƙori.

"Da sun zage ta ma da ta fi samun barci," Inna ta ce. Mu dai dariyar haƙorin muka yi ta yi.

Na girma na zama makaniken babur kusa da mahaɗar Bata. Sabuwar fatar birki ba ta kamawa sosai sai ta zauna. Dole ka hau babur ɗin, ka bi Titin Ibrahim Taiwo kana taka birki a hankali kana saki, sau da yawa. Na san wannan kamar sunana.

Wata Asabar Malama Ngozi, mai koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, ta kawo nata. Shekara huɗu ni kaɗai take kawo wa gyara. Na sa mata sabuwar fata, hankalina yana gidan kallon ƙwallo.

"Malam Sani, ka zaga da shi?"

"Na zaga, Malama."

Ko tayar da shi ban yi ba.

Bayan sati biyu ta dawo a ƙafa, wani yaro na tura mata babur ɗin, hannunta na dama a ɗaure. Ranar da ta bar wurina, a mahaɗar Bata wani mai adaidaita sahu ya tsaya a gabanta, ta taka birki, babur ya ƙi tsayawa da wuri, ta buge shi ta baya. Yanzu ko alli ba ta iya riƙewa.

"Laifina ne," ta ce. "Tsufa ya fara kama ni, ban taka da wuri ba. Ka duba min gaban, ya lanƙwashe. Ba na yarda da hannun kowa sai naka."

Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai ina ta juya sifana. Ina yaro na ɗauka labarin Inna kan gaggawa ne. Ashe kan mutanen da ke yi maka godiya bayan ka cuce su ne. Na gyara gaban, na zaga da babur ɗin har Fagge na dawo. Har yau ita ce ke turo min abokan aikinta, har yau kuma ban faɗa mata ba.