Tiya Ashirin da Suka Koma Sha Takwas

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Kambarawa, ni da Baba. Shi ya naɗe buhuna biyu a hammata, ni na rungumi littafina. Malamarmu ta darasin tattalin arziki ta sa kowace ɗaliba ta riƙa rubuta farashin gero, masara, man gyaɗa da sabulu duk wata, mu ga ko ya yi daidai da abin da ake faɗa a rediyo. A wannan watan rediyo cewa ya yi abinci ya sauko.

Ba aikin makaranta ya fito da mu ba. Ranar Litinin za a rufe karɓar kuɗin jarrabawar gama sakandare, kuma abin da ke aljihun Baba shi ne na abinci, shi ne na jarrabawata. Ya ce in ya auno hatsi a kasuwar ƙauye maimakon Babbar Kasuwa, rarar za ta cika mini.

A Ƙofar Kaura muka sami mota. Kuɗin mota ya ƙaru. Baba ya biya. Tsohuwar da ke gefena ta ɗora mini kazarta a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, haka na riƙe ta har muka sauka. Hanya duk ramuka. Mun wuce gonaki da yawa da ba a noma bana ba saboda rashin tsaro. Mun wuce wata firamare mai sabon allo a bakin titi, fentinsa na ƙyalli, amma iska ta yaye rufin aji biyu, yaran suna zaune a gindin bishiyar bedi. Malama ta ce an ƙara wa ilimi kaso a kasafin kuɗi. Na duba littafina, babu layin da zan rubuta rufin aji.

A kasuwa kuwa gero ya fi na birni sauƙi. Baba da mai awo suka gaisa har da tambayar iyali da damina, kuma a nan na fara ganin murmushin Baba tun safe. Da aka fara awo sai na lura gindin tiyar a lotse yake, ya turo ciki kamar an doke shi da guduma. Na buɗe baki zan yi magana.

"Ɗiyata, mi kike rubutawa?" in ji mai awon. "Halan ke ce gwamnati?"

'Yan rumfar suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai, na rubuta farashin, na fasa maganar tiyar. Baba ya saya mini fura, ya ce shi ba ya jin yunwa.

Bayan la'asar muka iso gida. Umma ta ɗauko tsohuwar tiyarta ta kayan aure ta sake aunawa, kamar yadda ta saba. Kuɗin tiya ashirin muka biya. Sha takwas ta samu.

"Malam, sun cuce ka," ta ce.

Na ce, "Baba, na ga gindin tiyar."

Ya daɗe yana kallona. "Kin gani?" Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

In aka cike gurbin tiya biyun, kuɗin jarrabawa ba zai kai ba. Umma ta ɗaure bakin buhun ta ce ba za a cike ba, za mu kai ƙarshen wata a haka. Ranar Litinin Baba ya biya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne farashi kan iya sauka a takarda alhali tukunya ba ta sani ba. Na ja sabon layi a littafina don girman ma'auni. Jiya ƙanwata ta juya malmalar tuwonta ta tambayi Umma me ya sa ta ƙanƙance. Umma ba ta dube ni ba. Ni ma ban ɗago kai ba.